Hajiya, kwanon gilas da ya hwashe shi kaɗai cikin kabad, wa za shi biya?

Wata Hajiya mai sai da kayan ɗakin amare a kasuwar Tawa ta turo mini saƙon murya jiya da dare, rai ɓace. Ta saro karton 10 na kofuna da kwanonin gilas wajen wani mai sari a Yamai, kaya sun iso lahiya, ta sai da ma wata mata da ke aurad da ɗiyarta, kwana 9 bayan biki sai ga uwar amarya da leda cike da ɓaraguzai, wai kwano ya hwashe tsakar dare cikin kabad ba wanda ya taɓa shi, har dangin ango sun hwara cewa hannu anka sa ma gidan. Yanzu mutum uku ke nan sunka dawo mata da irin wannan. Ta kira mai sari ya ce kaya in sun hita shago ba a maidowa. Tambayarta: ta musanya musu ko ta ce su sunka hwasa, kuma ita wa za shi biya ta?

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah shi maida alheri. Da hwarko dai matar nan ba ƙarya take ba, kuma ba aljani ba ne ba maita. Gilas ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gama-gari mai arha, shi in kin ciro shi daga firigo kinka zuba mishi shayi mai tahwasa cikinshi na buɗewa kahin bayanshi ya ji zahi, sai ya tsage, kuma tsagewarshi dogayen ɓallaye ce masu kaihi kamar aska. Akwai kuma wanda anka gasa a masana'anta sama da digiri 600 anka huce shi da iska nan take, irin aikin da Duralex ta Faransa ta yi suna da shi tun 1945. Wanga ya hi ƙarhi sosai, amma a ɗaure yake kamar ganga da anka ja ma tsirkiya, in bakinshi ya ɗan gutsure bisa hanya ko in wani ɗan ƙwayar ƙarhe da ido bai gani ya maƙale ciki tun wajen narkawa, sai ya yi shiru wata da watanni rana ɗaya ya tarwatse shi kaɗai ya koma ƙanana kamar tsakuwa. To ki zazzage ledar nan bisa tire ki duba. In tsakuwa-tsakuwa ce, maganarta ta hi kusa da gaskiya. In dogaye ne, galibi ruwan zahi ne ko hwaɗuwa.

Ni dai shawarata ki musanya mata, yau ba gobe ba, ki ba ɗan aike ya kai har gidan amarya. Ke kin hi ni sanin yadda kasuwar kayan ɗaki take, uwar amarya ɗaya ita ka jawo miki biyar a wajen biki, kuma ita ɗin ce ka korar miki goma in ta zauna tsakar mata tana cewa kayan Hajiya wance hwashewa suke. Kwano ɗaya nawa yake? Ko a shari'a ma aibin da ke ɓoye cikin kaya tun kahin ciniki mai saye na da damar maidowa.

Amma inda nike son ki tsaya da kyau shi ne lissahi, don na lura da yawanku kuna cin riba a baki kuna biyan hasara daga uwar kuɗi. Mu ɗauka karton mai kofi 72 ya iso miki jikka 18 har da kuɗin mota da ƴan dako, kofi ɗaya ya kama dala 50 ke nan, kina sai da shi dala 70 kina cewa ribata dala 20. To in 6 sunka hwashe, tsakanin hanya da shago da wanda za ki musanya, kofi 66 ne ke biyan jikka 18 ɗin, kowane ya tashi kusan dala 55. Dala biyar ɗin nan ita ce ba ki taɓa sawa cikin farashi ba, shi ya sa ƙarshen wata ciniki ya yi kyau amma aljihu shiru. Ki sa ta. Dala 75 ba za ta kori mai saye ba in kin ce mata in ya hwashe shi kaɗai cikin wata guda ki kawo ɓaraguzan in canza miki.

Sai mai sarinki na Yamai. Kar ki kira shi da hwaɗa, ki tara hujja: hoton ɓaraguzai, hoton karton da lambar da ke jikinshi, da resi in ya ba ki (in bai ba ki ba daga yau kar ki tura ko dala ta Nita sai ya rubuta ya ɗauko hoto ya turo). In duk wanda ya hwashe daga karton iri ɗaya ya hito to rukunin ne ke da matsala, kuma shi ma ya sani don ba ke kaɗai ya sai da ma wa ba. Kuɗi a hannu da wuya ya maido miki, shi ma tun da iyakar Benin ta ruhe a 2023 kaya sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina kuka yake da kuɗin hanya, saboda haka ki nemi ya cire miki cikin sari na gaba ko ya ɗora miki dozin guda kyauta. In ya ƙi, Yamai ba shi kaɗai ba ne, daga babbar kasuwa har Katako masu sari ba su ƙirguwa, ga Ƙonni nan kusa da ke.

Sauran karton da ke shago kuma ki buɗe su duka, ki bi bakin kowane kwano da yatsa, wanda kinka ji ya ɗan gutsure ki ware shi gehe. A daina jera su ɗaya cikin ɗaya ba kwali tsakani, kuma yaron shago ya daina baza su waje rana na dukansu, da zahin Tawa na watan huɗu ko mutum ya ya ƙare balle gilas. Ki turo mini hoton ledar nan da lambar karton in gani kahin ki kira mutumin.