Amosani ya hana ni sakat, shamfun tea tree zai yi min?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, daga Argungu nake. Wallahi amosanin kai ya dame ni, in na yi kitso kwana uku ba a yi ba sai ki ga fari fari duk ya fito a tsagar, ga ƙaiƙayi har cikin mutane sai na cusa hannu cikin hijabi ina susa. Na sha shafa man zaitun da man shanu ba canji. Wata maƙwabciyata ta ce in sai shamfu mai man tea tree wai shi ne ƙarshe, kuma da tsada, shi ya sa nake so in ji daga bakinki kafin in kashe kuɗina.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, amma fa ba ƙarshe ba ne. Ana samun man tea tree ne daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Ostireliya, kuma yana rage ƙwayar naman gwarin nan Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, wadda in ta yi yawa take sa fata sabewa da ƙaiƙayi. A 2002 an yi gwaji a can Ostireliya da mutum 126, waɗanda suka yi wanki da shamfu mai kashi 5 cikin 100 na man tsawon sati huɗu sun samu sauƙi da kashi 41, waɗanda aka ba shamfun da babu man kashi 11 kawai. Kin ga yana aiki, sai dai ragewa yake.

To ga inda gizo ke saƙa, mutanen can kullum suke wanke kai da shi, mu kuwa in aka rangaɗa mana shuku ko ƙananan kitso sai ya yi sati biyu uku ruwa bai taɓa fatar kan ba, ga zufa ga ɗankwali ga hijabi a sama musamman in zafin Maris da Afrilu ya kama a Kebbi, sannan a ce shamfu bai yi ba, ta ina zai yi? Don Allah ki haƙura da kitso mai daɗewa na wata ɗaya, ki dinga yin kalaba manya da za ki iya tsefewa ki wanke sau biyu a sati. Ki cuɗa kumfar a fatar kan da tafin yatsu, ban da farce, ki bar ta minti uku zuwa biyar kafin ki ɗauraye. Kuma kar ki ɗaura ɗankwali a jiƙaƙƙen gashi, ki bari ya bushe tukun.

Man zaitun da man shanun nan kuma shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Wannan ƙwayar maiƙo take ci, kina lafta mai a fata kina ba ta abinci ne, sai farin ya kwanta na kwana biyu ya dawo. In gashin na bushewa ki shafa a jikin gashin da bakinsa kawai.

Wajen saye ki duba lambar NAFDAC, ki duba ko an rubuta yawan man a kwalbar, don wasu ƙamshi kawai ne a ciki. In tsagwaron man kika samu kar ki zuba shi haka a kai, yana ƙona fata, ki fara gwada shamfun ma a bayan kunne ki ga ko zai yi miki ja. Ki ajiye nesa da yara don guba ne in aka sha.

In sati huɗu ya cika ba sauƙi ki je kemis ki nemi shamfu mai ketoconazole, maganin kashe naman gwari ne, ya fi ƙarfi. Amma in kin ga gashi na zubewa fili fili ko kan yana ruwa da ƙuraje, wannan zai iya zama makero ko wata cutar fatar, shamfu kaɗai ba ya warkar da makero, sai ki daure ki ga likita a babban asibitinku ko ki shiga Birnin Kebbi.