Tarihin juyin juya hali a zangon babbar hanya

Ka tambaye ni yadda masu tsara fili a ƙasar Sin ke shigar da tarihin juyin juya halinsu na kwaminisanci a wuraren hutawar matafiya, kuma ko jan fenti da mutum-mutumi sun wadatar. Ba su wadatar ba, ɗana. Jan fenti rana ke cinye shi, ga shi yana gogayya da alamun gargaɗin hanya.

Fara da mutumin da ya tsaya. Direba ne a gajiye, banɗaki yake nema, sai abinci, sai inuwa. Tazarar da ke tsakanin inda ya ajiye mota da banɗakin nan, ita kaɗai ka tabbata zai taka da ƙafarsa. To, nan za ka sa tarihin. Kada ka kafa komai mai tsayi a mashiga ko mafita, inda zai tare wa mai babbar mota gani.

Sannan kowane zango da nasa labarin. Ɗauki Jinggangshan a lardin Jiangxi, inda Mao Zedong, jagoran mayaƙan kwaminis, ya kafa sansani a 1927, kwamandan soja Zhu De ya iske shi a 1928. Ƙasar duwatsu ce mai ruwa, ta gora da jan furen azaliya. Shuka su, su ba ka jan da kake nema. Amma ka binne wa gorar shinge a ƙarƙashin ƙasa, in ba haka ba saiwarta sai ta ɗaga maka daɓe. A wurin cin abinci kuwa, jar shinkafa da miyar kabewa da mayaƙan suka rayu a kansu sun fi dogon rubutu a bango isar da saƙo.

Yan'an a lardin Shaanxi, hedkwatar 'yan kwaminis daga 1937 zuwa 1947, daban take. Busasshiyar ƙasa ce, azaliya ba ta jure mata. Can sai bishiyar magaryarsu, da rumfuna masu bakan gizo irin ƙofofin ɗakunan da aka haƙa a jikin tudu, waɗanda shugabannin suka zauna a ciki.

Abin da ke ɓata min rai shi ne kwafe. Sarƙoƙin ƙarfe 13 na gadar Luding, wadda mayaƙan kwaminis suka tsallaka a watan Mayun 1935 lokacin Doguwar Tafiya, wato ja da bayan da suka yi daga sojojin gwamnati, na bakin kogin Dadu ne a Sichuan. Ka kai su wani lardi, sun zama ado kawai, kuma akwai waɗanda suka mutu a wurin nan.

Allon bayani kada ya wuce layi uku, a daidai idon mai tsaye, da benci a inuwa kusa da shi. Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, je ka ɗebo ƙasar wurin a gwada ta, ka kuma zauna da dattawan yankin.