Ku Tambaya Mu Amsa: Birnin Rum ga Mai Ƙaramin Guzuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina sana'ar takalma. Zan je Italiya sayen kaya, kuma zan sami kwana biyu a birnin Rum kafin jirgina ya tashi. Kuɗin da ke hannuna duk na kaya ne. Akwai abin da mutum zai gani ba sai ya biya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a dawo da riba. Akwai, kwana biyun ma ba za su ishe ka ba. Yawancin kayan tarihin Rum a fili suke, a bakin hanya, abin da za ka kashe ƙafarka ce kawai. Sai dai ka sa takalmi mai tauri, don tsoffin titunan garin da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka daɓe su, silifa ba ta kai mutum la'asar a kansu.

Ranar farko ka fita da ƙarfe bakwai na safe, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B, ka sauka tashar Colosseo. Kana fitowa za ka ga Colosseum, katafaren filin wasan nan da aka buɗe a shekarar 80 miladiyya, wanda yake cin mutum kusan 50,000. Shiga ciki ne ake biya, zagaya shi kuwa kyauta ne, haka ma babbar ƙofar tunawa da nasarar Sarki Constantine ta shekarar 315 da ke gefensa. Daga nan ka miƙe titin Via dei Fori Imperiali. Dama da hagu kangayen fadar gari da kasuwannin Rumawan dā ne. Kusa da ƙarshen titin akwai ginshiƙin Sarki Trajan na shekarar 113. Ka tsaya ka dube shi da kyau: an sassaƙa labarin yaƙe-yaƙensa a jikin dutsen, yana naɗewa daga ƙasa zuwa sama kamar rawani, ga sojoji suna tsallaka kogi, ga masu gina sansani. Sannan ka hau tudun Campidoglio, ka zagaya bayan ginin majalisar gari. Akwai wani dandamali a wurin da za ka hangi kangayen Forum, wato tsohon dandalin tsakiyar garin, gaba ɗaya daga sama, wurin da wasu ke biyan kuɗi su shiga su gani daga ƙasa. A ganinmu wannan dandamalin ya fi komai daraja a tafiyar ranar, amma baƙi da yawa sukan wuce ba su san da shi ba.

Da yamma ka nufi dandalin Piazza Navona, inda maɓuɓɓugar da masassaƙi Bernini ya kammala a 1651 take, mai siffanta manyan koguna huɗu, ciki har da Nilu na Afirka.

Wurare biyu za mu ja maka kunne a kansu, saboda tsoffin bayanai na intanet suna yaudarar mutane. Ginin Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa mai kubba da faɗinta ya kai mita 43, dā kyauta ne, amma tun watan Yulin 2023 sai da tikiti, an fara da yuro 5. Maɓuɓɓugar Trevi kuma, wadda aka gama a 1762, daga farkon 2026 an sa yuro 2 ga baƙon da ke son sauka bakin ruwan. Kallonta daga dandalin ba a biya, kuma daga nan ma ana ganinta sarai. Tsabar kuɗin da za ka ga ana jefawa camfi ne na cewa mutum zai sake dawowa garin. Kwashe su ake yi a ba ƙungiyar agaji ta Caritas.

Rana ta biyu ka tsallaka kogin Tiber zuwa dandalin St. Peter na Vatican, fadar Paparoma, mai ginshiƙai 284 da suka yi masa ƙawanya. Babban cocin ma ba a biyan kuɗin shiga, hawa kubbarsa ne ake biya. Shiga coci ko barinsa, wannan tsakaninka ne da malaminka. Idan za ka shiga, akwai layin bincike irin na filin jirgi, kuma dole tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa. Kaftani ya wadatar, hula ce kawai ake so maza su cire. Daga nan ka hau tudun Gianicolo kafin sha biyun rana. Kullum da tsakar rana ana harba igwa a can, al'adar da ta faro a 1847 don agogunan gari su daidaita, kuma daga kan tudun garin duka yana shimfiɗe a gabanka.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Italiya, zan kai masa ziyara daga Gusau. Ya ce akwai ranar da ake shiga Colosseum kyauta. Da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne Hajiya. Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi na gwamnatin ƙasar kyauta ne, har da Colosseum da Forum da Pantheon. Gidan tarihin Vatican kuwa ba ya ƙarƙashin gwamnatin Italiya, don haka tasa ranar daban ce: Lahadin ƙarshe ta wata, ana buɗewa ƙarfe tara, ana rufe ƙofar shiga sha biyu da rabi. Mutane sukan rikita biyun su je a ranar da ba ita ba. Amma gaskiya, Hajiya, araha ba ta ado. Kowa ranar yake jira, layi yakan ɗauki sa'o'i a tsaye, ba wurin zama. Idan ƙafa ko gwiwa na damun ki, gara ɗanki ya saya miki tikiti a ranar aiki. Idan kuma za ki jure, ku isa wurin aƙalla sa'a ɗaya kafin a buɗe, ku zaɓi wuri ɗaya tak.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Argungu, an gayyace ni taro a Rum a watan Yuli. Damuwata ruwan sha da wurin sallah.

Amsa: Malam, ruwa kada ka saya. Garin na da famfunan ƙarfe na bakin titi kusan 2,500, ana ce musu nasoni, wato manyan hanci, saboda lanƙwasar bututun. Dare da rana suke zuba, ruwan mai sanyi ne, kuma shi ne dai ruwan da ke shiga gidaje. Ka riƙe gora ka riƙa cikawa. In babu gora, ka toshe bakin bututun da yatsa, ruwan zai yi tsalle ta wani ɗan rami da ke samansa, ka sha a tsaye. Inda ka ga an rubuta non potabile, wannan ba na sha ba ne. Zafin Yuli a can ba ya kai na Afrilunmu, amma tsakanin ɗaya zuwa huɗu duwatsun titi sukan ɗau zafi, sai ka bar yawo zuwa safiya da yamma.

Sallar Juma'a kuwa ka yi ta a Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya ɗauki nauyin farko na gininsa. Yana daga cikin mafiya girma a Turai, shi kansa abin kallo ne, ginshiƙansa sun miƙe sun rarrabu a sama kamar itatuwan dabino. Yana arewacin gari, ba a tsakiya ba. Ka je Piazzale Flaminio, ka shiga ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin hanyar Viterbo, ka tabbatar mai tsayawa kowace tasha ne, ka sauka Campi Sportivi. Sauran salloli akwai ƙananan masallatai a unguwar Esquilino kusa da babbar tashar Termini, inda kasuwar unguwar ke da mahautan halal.

Mu ƙara muku da abin da ke mai da yawon kyauta ya koma asara, ya kuma shafi ku ukun duka. Tikitin bas ba ya aiki sai an buga shi a na'urar da ke cikin motar. Mai tikiti a aljihu bai buga ba, tararsa ɗaya da wanda bai saya ba. Matakalar nan da ake kira Spanish Steps an hana zama a kanta tun 2019, tarar na iya kaiwa yuro 400, kuma sa ƙafa a cikin maɓuɓɓugan tarihi ko yin alwala da ruwansu laifi ne. Wanda ya tare ku da fara'a zai ɗaura muku zare a hannu wai kyauta, ku janye hannu ku wuce, kuɗi zai nema. A bas mai lamba 64, mai zuwa Vatican daga Termini, masu yankan aljihu sun yi suna. Fasfo da kuɗin kaya su zauna a aljihun ciki, ba a aljihun gefen kaftani ba.