A-kori-kurar Baba ta shekara shida a ajiye: mu tashe ta ko mu sayar wa 'yan gwangwan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana a-kori-kura Peugeot 504 mai shan fetur, wadda ya yi ta jigilar gero da awaki da ita zuwa Gujungu da Maigatari. Yau shekara shida tana gindin darbejiya ba wanda ya murza mata makulli. Yayyena sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Ni kuwa raina bai so ba. Ina ɗan taɓa gyaran babur da injin ban-ruwa. Zan iya tashin ta da hannuna, ko wahalar banza zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin ka ɗauki sufana, ka tuna motar nan gado ce, kowa yana da haƙƙi a cikinta. A samu wanda ya san mota ya yi mata kuɗi a gaban kowa, ka saye ta daga hannun magada ko ku yi yarjejeniya a rubuce. Na ga motocin da aka gyara da gumin mutum ɗaya, ranar da suka fara kawo kuɗi rigima ta tashi.

Ra'ayina kuwa ba zan ɓoye maka ba: in ƙashinta lafiya yake, kada ku bari a auna ta a kan sikeli. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har gobe in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kayanta, sabo da na hannu, kuma da wuya ka je garin da babu tsohon bakaniken da ya san ta kamar yunwar cikinsa. Babu kwamfuta a jikinta. Fetur, iska da wuta, su ke nan, irin dai abin da ka saba da shi a babur, sai dai nan silinda huɗu ne.

Fara da shasi. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen, musamman inda sifirin na baya yake kamawa da ƙasan bodi, inda fitsarin awaki ya daɗe yana zuba. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tar. Wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, ɓawo yana zubowa. Ramin bodi aikin mai walda ne na yini ɗaya. Amma in shasin kansa ya ruɓe ko ya tsage, to a nan yayyenka sun fi ka gaskiya, sai dai ku cire injin da giya ku sayar daban, sun fi kuɗin gwangwan daraja. In har za ka ɗaga ta, kada ka taɓa shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Ka tokare da kututture mai kauri, ka sa waigi a tayoyi.

Sai injin. Abin da yake kashe irin waɗannan motoci ranar tashinsu shi ne gaggawa: a aro batir, a tsiyaya fetur a kafireta, a yi ta ba ta wuta. Shekara shida duk baƙin mai ya sauka ƙasa, ringi ya manne da bangon silinda. Ka cire fulogi huɗun, ka zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi kwana uku. Sannan ka sa ta a firi, ka kama notin fulin da ke gaban injin da sufana, ka juya a hankali. In ya zagaya sumul, ka gode wa Allah, rabin aiki ya ƙare. In ya cije, kada ka sa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara haƙuri.

Ka zare sandar awon mai ka duba. Baƙi ba laifi ba ne. In ka gan shi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai, kuma wannan yana kai mu ga sirrin injin 504 da nake so ka riƙe da kyau. Silindojinta hannun riga ne na ƙarfe da ake zura su cikin bulo, ruwan sanyaya inji yana zagaye da su kai tsaye, a gindin kowanne akwai siririn abin toshewa da ke hana ruwa gangarawa cikin mai. Alherin wannan tsari shi ne in inji ya tsufa ba sai an kai bulo an gurje ba, sabon hannun riga da fistin da ringi za ka saya, inji ya dawo yaro. Haɗarinsa kuma, da zarar an cire kan injin, babu abin da yake danne su. Ina yaron gareji na taɓa cire kan wata 504, don ɗoki na juya injin in ga yadda fistin ke hawa da sauka. Hannun riga ɗaya ya ɗago kaɗan, ko kaurin farce bai kai ba. Muka ɗaure komai, washegari mai motar ya dawo da baƙin mai kamar madara. Maigidana bai ce min uffan ba, ya miƙo min sufana, na kwana biyu ina sauke injin. Saboda haka in ta kai ga buɗe kai, a danne hannayen rigar da noti da faffaɗan washa kafin a taɓa komai, kuma karon farko ka yi shi a gaban wanda ya saba.

In mai lafiya yake, sauran aikin naka ne. Juye tsohon baƙin mai, canza filta. Sauke tanki ka wanke, domin tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Canza duk robar fetur da ta ruwa da fanbel ko da sun yi maka kyau a ido. Leƙa gidan iska da salansa, zanzaro yana son gina ɗakinsa a can, ɓera kuma ya fi son wayoyin bayan dashbod. Tazarar bakin kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, milimita 0.4 ce, filagejin da ake awon da shi ba shi da tsada. Wuta tana bin silinda 1, 3, 4, 2, amma a Peugeot lamba ɗaya ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba, don haka ka ɗaura wa kowace wayar fulogi alama kafin ka zare. Kafin ka mayar da fulogi, ka ba ta wuta a taƙaice har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya hau ko'ina.

Zafi shi ne babban abokin gabarta. Kan injin na alminiyom ne, tafasa ɗaya mai tsanani tana iya lanƙwasa shi ta ƙone gaskit. Ruwan rijiya mai gartsi yana tara farin dutse a cikin lagireto, yana kuma cin alminiyom. A kai lagireton a wanke, ka zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Idonka kullum a kan allurar zafi, kuma kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Lokacin hunturu ka riƙa duba matatar iska kowane mako.

Birki ne inda ba na so ka yi koyo kai kaɗai. Man birki yana shan danshi, robobin ciki sun bushe, kuma kulocinta ma da mai yake aiki. A canza su duka tare da bakanike a tsaye. Taya kuma ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Tayar da ta shekara shida a rana ba ta ɗaukar buhun gero zuwa Maigatari ranar Alhamis, komai kyan zanenta.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: 504 tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lissafin ya canza. Ba motar yawo ba ce, ribarta tana cikin lodi cikakke a tafi, cikakke a dawo, a kan hanyar burji da yashi inda ƙananan motoci ke kafewa. Ka sabunta takardunta kafin ta hau kwalta.

A wannan makon ƙwanƙwasa shasi da jiƙa silinda kawai nake so ka yi, ba za su ci maka kuɗin da ya wuce na litar baƙin mai ɗaya ba. In injin ya juya, ka sake rubuto min, ka faɗa min launin man da ka gani a sandar awo, sai mu shiga maganar kafireta.