Tambayoyinku: kai ya ƙafe, me zan ɗora gobe?

Tambaya: Malam, ina bidiyon girki a TikTok daga Aboabo nan Kumasi, waakye da tuwo da koko duk na yi, yanzu kaina ya ƙafe. Ƙanina ya ce in sa ChatGPT ya zubo min batutuwa ɗari. In yi?

Amsa: Hajiya, ƙanin nan naki son banza ne ya yi masa yawa, kuma wallahi wannan ɗabi'ar tana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022 kowa ya tattara ya koma can, to ai duk wadda ta rubuta masa a ba ta batun girki kusan jeri ɗaya za ta samu, ke da mai girki a Nima da wata a Kano, sai a wayi gari dukkanku kuna koyar da jollof a mako ɗaya kuna mamakin ba a kallo. Bai san abin da matan Asawase ke nema yau ba, ina zai sani?

Alhali abin yana nan kyauta. Buɗe YouTube ko TikTok, rubuta waakye a wurin bincike, kar ki danna komai, tsaya ki karanta abin da ya zubo ƙasa. Wannan jerin daga abin da mutane suka riƙa nema ya fito. Ƙara harafi ɗaya a gaba, a ko b ko s, sabon jeri zai sauko, kafin ki kai ƙarshen haruffa kin tara aikin wata guda. Daga nan ki shiga Google Trends, shafin Google da ke nuna abin da mutane ke nema, ki tabbatar ƙasar da aka zaɓa Ghana ce, ki sa wata 12, ki duba kalmomin da ke tashi sama. Ki kula, lambar nan 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ce, 100 na nufin lokacin da aka fi neman kalmar ne kawai. A nan za ki ga kowane abu da lokacinsa, kayan buɗe baki sai azumi ya matso, nama sai Layya, don haka ki ɗauki bidiyon tun da sauran mako biyu, ba ranar da kowa ya ɗora nasa ba. Kuma dan Allah ki riƙa karanta tambayoyin da masu kallonki ke bari a ƙasan bidiyo, wadda ta ce shitonta (miyar barkono) yana ɓaci da wuri ta riga ta ba ki aikin gobe. In kin samu batun, sannan ki kira ChatGPT ya taya ki tsara shi.

Tambaya: Daga Madina Zongo. In na rubuta Hausa a Google Trends sai ya ce babu isasshen bayani.

Amsa: Masu neman kalmar ba su da yawa ne. Rubuta da Turanci, ko ka buɗe lokacin zuwa shekara 5.

Tambaya: AnswerThePublic, shafin da ke nuna tambayoyin da mutane ke nema a intanet, yana ce in biya kuɗi, in tura?

Amsa: Riƙe sidinka ɗan uwa. 'Yan binciken da yake bayarwa kyauta a rana sun ishe ka, sai dai in kamfani gare ka.

Tambaya: Dabara tana zo min a cikin trotro, kafin in sauka a Circle na manta.

Amsa: Toh wayar da ke hannunka ta ado ce? Buɗe WhatsApp ka tura wa lambarka saƙon murya nan take, ko ka sa Google Keep, manhajar ajiye rubutu, ni shi na fi so don yana juya magana ta koma rubutu in ka yi da Turanci. Duk Juma'a bayan masallaci ka zauna ka tace su.