Amsa ga mai tambaya kan hutun iyali a Maroko: Marakesh, ƙauyukan dutse da bakin teku

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki cewa kuna shirin zuwa Maroko, ke da maigida da yara uku da Hajiya babba, kwana goma kuke da su, kuna son ku shiga kasuwa, ku ga ƙauyukan Barbar na kan dutse, ku je bakin teku, har kina tunanin ƙara Fas da hamada. Mun yi irin wannan tafiyar da yara da tsohuwa, don haka bari in saka baki.

Ki fara cire hamada daga lissafi. Daga Marakesh zuwa Marzuga, inda tuddan yashin da ake gani a hoto suke, tafiyar awa tara zuwa goma ce a mota, zuwa kawai. Mu da hunturu ke kawo mana ƙurar Sahara har cikin ɗaka, ba mu da dalilin galabaita tsohuwa don ganin rairayi. Fas ma ki ajiye ta tukuna, zan dawo kanta a ƙasa. Masauki uku sun ishe ku: kwana uku a Marakesh, biyu a kan dutse, uku a bakin teku, ɗaya kuma a Marakesh kan hanyar dawowa, sauran kwanan jirgi zai cinye shi. Duk canjin masauki yana cin rabin yini wajen haɗa kaya da neman takalmin auta, kuma ƙafar Hajiya babba ce za ta yanke muku saurin tafiya, ba zumuɗin yara ba.

Lokaci ma ki duba shi da kyau. A Yuli da Agusta zafin Marakesh yakan wuce digiri 40, busasshen zafi mai hana fita da rana. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne daidai. Masu fasfon Najeriya suna buƙatar biza, ki fara nema da wuri. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasabalanka, daga filin jirgin ku hau jirgin ƙasa zuwa tashar Casa Voyageurs, a nan ku canja wani da zai kai ku Marakesh cikin kamar awa uku. Ki yanki tikitin aji na ɗaya don ku samu kujeru wuri guda.

A Marakesh kowa zai ce miki ki sauka a riyad, wato tsofaffin gidajen cikin birni masu tsakar gida da ɗan tafkin ruwa a tsakiya. Suna da kyau ba a magana, daga lungu mai hayaniya ka tura ƙofa ka faɗa cikin shiru da ƙamshin lemo. Sai dai kafin ki biya ki tambayi abu biyu: akwai ɗaki a ƙasa? Kuma tafiyar minti nawa ce daga inda mota take iya tsayawa? Yawancinsu babu lifta, matakalar ƙuntatacciya ce mai tsayi, kuma mota ba ta shiga lungunan, sai dai mai amalanke ya tura muku kaya. Ƙaramar tasi kuma mutum uku kawai doka ta yarda ta ɗauka, ku shida sai babbar tasi ko ƙanana biyu. In ƙarama ce ki ce a kunna mita, in babba ce ku gama ciniki kafin kowa ya zauna.

Kasuwa kuwa ki shiga da safe, wajen ƙarfe goma, kafin ta cika. Ta fara daga arewacin dandalin Jama'ul Fana ta bazu lungu-lungu, kowace sana'a da layinta: marina da zare rataye a sama yana ɗigar ruwa, maƙeran fitilun tagulla, dukawa masu takalmin babush, masu kayan ƙamshi a dandalin Rahba Kadima. Ranar farko kada ki sayi komai, ki taya ki wuce, ki san farashi. Ciniki kam ba a koya wa Bahaushiya, amma ki sani kuɗin da za su fara faɗa yakan ninka na gaskiya sau biyu ko uku, kuma shan shayinsu bai wajabta miki saye ba. Za'afaran mai arha ba za'afaran ba ne. Abin da ya fi ba ni wahala a lungunan nan babura ne, suna ratsa mutane a guje, in kin ji an ce "balak", wato a kauce, ki ja yaro jikin bango. Akwai kuma samari da za su tare ku su ce hanyar gaba a rufe take, su za su nuna muku wata, ƙarshenta su kai ku majema ko shagon ɗan'uwansu su nemi lada. Ki ce "la, shukran" ki ci gaba da tafiya.

Jama'ul Fana da yamma abin kallo ne, makaɗa da masu ba da labari da rumfunan abinci suna hayaƙi, shi ya sa UNESCO ta saka shi cikin gadon al'adun duniya a 2001. Ni dai shawarata ku hau saman ɗaya daga gidajen shayin da ke kewaye kafin magariba, Hajiya babba ta zauna, yara su leƙa daga sama, sannan ku sauka ku sha ruwan lemo da aka matse a gabanku. Masu biri da maciji ba kyauta suke ɗora wa yaro dabba a kafaɗa ba. Masu lalle kuma sukan cafke hannun yarinya su fara zane kafin a ce musu e, kuma baƙin lallen nan yana ƙona fatar wasu yaran. In 'yan matanki suna so, ki sa masu masauki su kira muku mai jan lalle na gaske.

Abin da masu kai baƙi yawo ba sa faɗa wa irinmu shi ne Marakesh garin ziyara ne. Alƙali Iyad mai Ashafa a nan kabarinsa yake, kusa da ƙofar Bab Ailan, haka Imamu Jazuli mai Dala'ilu, suna cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su. Mahaifiyata ta fi jin daɗin wannan safiyar kan duk abin da muka gani. Ku yi sallar magariba a masallacin Kutubiyya mai doguwar hasumiyar nan ta ƙarni na 12. Malikiyya ne, kuma bayan salla za ki ji jama'a sun haɗa baki suna karanta hizifi da ruwayar Warshu, irin wadda aka biya mana a allo. Masallatansu da yawa ana rufe su tsakanin salloli, ku je kan lokaci.

Yanzu dutse, wanda a wajena shi ne zuciyar tafiyar. Kamfanonin yawo za su tallata miki zuwa kwarin Urika a yini ɗaya, a tafi da safe a dawo da yamma. Na gwada irinsa, rabin ranar a mota ne, sauran rabin a shagunan da direba ke da kamasho. Ku tafi Imlil ku kwana. Awa ɗaya da rabi ce daga Marakesh ta hanyar Asni, ƙauye ne a tsayin kusan mita 1,800, a gindin Tubƙal, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Ba hawansa za ku yi ba. Abin yi shi ne tafiya a hankali tsakanin gonaki hawa-hawa, itatuwan tuffa da ceri, ruwan ƙanƙara yana gudu a ƙananan magudanai gefen hanya, gidajen laka da dutse manne a jikin tsauni kamar nan aka haife su. Ƙauyen Armud yana sama, ƙasa da awa ɗaya a ƙafa, kuma ana hayar alfadari ya ɗauki ƙaramin yaro ko wanda gwiwa ta gaza, mai shi yana riƙe da linzami. In tafiyar ta faɗo Asabar, ku tsaya kasuwar mako ta Asni, a nan za ki ga kasuwar da ba don baƙi aka kafa ta ba.

Mutanen wurin, wato Barbar ɗin, Amazig suke kiran kansu, harshensu Tashilhit, dangin harshen Buzaye ne, har rubutun Tifinag da ke kan allunan hanya 'yan Agadas za su gane shi. Masu kunya ne, matansu ba sa son a ɗauke su hoto ba izini, ki ja wa yara kunne. A gidan da muka sauka, matar gidan ta manna burodi a jikin tanderun laka muna kallo, ta kawo shi da zafinsa tare da man zaitun da amlu, wato almon da aka niƙa da man argan da zuma, kamar tunkuza mai zaƙi. Yarana da ba sa cin abincin baƙo sun share kwanon tas. Yankin nan ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, kusan mutum 3,000 suka rasu, don haka kuɗin kwana da na abinci da na alfadari da za ku biya hannu da hannu yana da amfani a wajensu. Ki tafi da rigunan sanyi ko da Marakesh na zafi, dare a can ba wasa, ki kuma tambaya ko ɗakin yana da abin ɗumama. Hanyar tana da lanƙwasa sosai, kada yara su cika ciki kafin a tashi, leda ta kasance kusa. Ki kuma tabbatar mota tana isa ƙofar masaukin, don wasu sai an hau tudu a ƙafa.

Daga Imlil ku ɗauki shatar mota kai tsaye zuwa Essaouira da ke bakin teku, wadda su suke kira Suwaira, awa huɗu zuwa biyar. A hanya ƙila ku ga awaki tsaitsaye a kan bishiyar argan, masu su ne suke ɗora su don a biya kuɗin hoto, ban ga abin tsayawa ba. Suwaira na bar ta ƙarshe da gangan saboda a nan ake hutawa. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ya gina ta a shekarun 1760, titunanta a miƙe suke kuma a shimfiɗe, babu mota a cikin ganuwa, 'yan kasuwarta ba sa jan hannun mutum. Yara za su hau ganuwar da ke kallon teku su zauna kan tsofaffin igwa, su sauka tashar masunta su ga shuɗɗan jirage ana sauke sardin. A rumfunan gefen tashar kina zaɓar kifi a auna a gasa miki nan take, amma ki ji kuɗinsa kafin ya hau wuta.

Kada ki sa ran iyo sosai. Ruwan Atlantika a nan sanyi gare shi, kuma garin ya yi suna da iska, da rana ta karkata sai yashi ya fara dukan ƙafa. Ku fita bakin ruwa da safe, yara su yi wasan ƙasa su hau raƙumi, da yamma ku koma cikin ganuwa. In iyo ne burin yaran, Agadir ta fi dacewa, sai dai ba ta da tsohon gari irin wannan. Da dare za ki ji kiɗan Gnawa, jikokin bayin da aka ƙetaro da su hamada daga ƙasashenmu, har ana ambaton Hausa da Fulani da Bambara a waƙoƙinsu, kuma ƙarafan da suke kaɗawa ba su da maraba da sambani. Bikinsu na shekara yawanci a Yuni ake yi, lokacin gari yana cika maƙil, masauki ya yi tsada.

Abincinsu ba yaji, tajin ɗin nama ma, wato dahuwarsu ta cikin tukunyar laka, wani har da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi a ciki, ki saka garin yajinki a jaka. Kuskus ran Juma'a ake yin na kirki. Dirhami ba a samun canjinsa cikin sauƙi a wajen ƙasar, ku tafi da yuro ko dala ku canja kaɗan-kaɗan, a Imlil kuma tsabar kuɗi kawai ke aiki a yawancin wurare. Sayayya ki bar ta daren ƙarshe a Marakesh, kin riga kin san farashi, ba kuma za ki yi ta jan tukwane da fitilu kan dutse ba. Motocin Supratours da CTM suna zirga-zirga tsakanin Suwaira da Marakesh cikin kamar awa uku.

Batun Fas, in Hajiya babba ta ƙudurta ziyarar Shehu Tijjani, ba zan ce a hana ta ba. Amma kada ku tafi daga Marakesh, kusan awa bakwai ce a jirgin ƙasa. Ku yi ta daga Kasabalanka, kamar awa huɗu, a farkon tafiya ko a ƙarshenta, kuma ku ƙara kwana biyu a kan goman nan maimakon ku gutsure daga na dutse ko na teku.