Me ya sa na'urorin lantarkin jirgin sama ke buƙatar sanyaya alhali sama akwai sanyi?

Tambaya: Na ji an ce a can sama sanyi yana kai digiri 56 ƙasa da sifili. To me ya sa ake wahalar sanyaya na'urorin lantarkin jirgi da ruwa? A buɗe musu iskar waje mana.

Amsa: Malam, sanyin gaskiya ne, amma iskar can ba ta da kauri. A tsayin mita 12,000, nauyinta kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na wadda muke shaƙa a ƙasa, don haka zafi kaɗan take iya kwashewa. Kuma duk kafar da aka buɗe wa iska tana ja wa jirgi baya, ta ƙara shan mai.

Mu ɗauki Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011. Kowane injinsa na ɗauke da janareta biyu masu kVA 250 kowanne (kVA ma'aunin ƙarfin lantarki ne), kuma lantarki ne ke juya kwamfuresojin iskar ɗakin fasinja da wasu famfunan haidirolik. Na'urar da ke sarrafa kilowat 100, ko da ingancinta kashi 97 cikin ɗari ne, kilowat 3 take zubarwa a matsayin zafi, daga 'yan guntayen silikon da ba su wuce farce ba, waɗanda ke lalacewa in sun haura digiri 150 zuwa 175. In iska za ta kwashe wannan zafin ta ƙara digiri 10 kawai, ana buƙatar kusan lita 250 a daƙiƙa a ƙasa, a can sama kuwa kusan lita 1,000. Ruwa kuwa, kimanin lita 5 a minti ya isa.

Shi ya sa 787 ke da layin ruwa biyu, kowane da famfunansa. Ruwan haɗi ne da sinadarin gilaikol don kada ya daskare. Yana bi ta cikin farantin ƙarfen da aka ɗaure na'urar a kai, ya kai zafin ga lagireto, iskar waje ta hure shi, ya dawo.

Inda aka fi shan wuya a ƙasa ne. Jirgi na tsaye a fili irin na Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu iskar gudu, sai fanka ce ke jawo iska. A ganina duk tsarin da ya tsallake wannan, sama ba za ta ba shi matsala ba.

Matsalolin da aka saba gani: kumfar iska a layin bayan an yi gyara, wadda ke hana famfo tura ruwa sosai, yoyo a mahaɗar bututu, ƙura ta toshe lagireto, man da ke tsakanin na'ura da faranti ya bushe. Mafi ɓoyuwa ita ce hawa da saukar zafi a kowace tafiya. Silikon da tagulla ba sa buɗewa daidai da juna in sun yi zafi, a hankali dalmar da ta haɗa su ta tsage. Saboda haka ake sa bawul mai karkatar da ruwa daga lagireto in ya yi sanyi da yawa, wanda kuma ke hana raɓa taruwa a kan allunan lantarki.